Igiyar da Ban Karɓa Ba

Ina tsugune a kara, kasuwar dabbobi, ina duba haƙoran wata karsana lokacin da labarin ya iso ni. Wani mai sayen shanu ne daga wajen Keita, yana tsaye a bayana yana hira da abokinsa, ba ma da ni yake ba. Sai na ji ya ce, "Af, ka ji ɓarawon san nan na Ibohamane ya rasu? Yau kwana tara." Abokin ya ce Allah ya jiƙan musulmi, suka koma maganar ƙarancin ciyawa.

Na saki bakin karsanar, na goge hannuna a riga. Ban tambaya wane ɓarawo ba. A kasuwar Bangi mutum ɗaya ake kira da wannan suna, kuma na san bai taɓa satar ko ɗan akuya ba. Baƙona ne. Ni na ja masa sunan.

Dillancin shanu na gada wurin mahaifina. Wanda bai san kara ba yana zaton aikinmu surutu ne, mu zuga mai saye, mu lallashi mai sayarwa, mu karɓi la'ada mu koma gida. Akwai wannan, amma ba shi ne gindin aikin ba. Makiyayi yakan taho daga tafiyar kwana huɗu ko biyar, ba wanda ya san shi a garin, ba wanda ya san dabbarsa. Mai saye kuma yana tsoron ya kai sa gida, bayan mako biyu wani ya zo ya ce nasa ne aka sace. Shi ya sa baƙo yake sauka gidan dillali, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa. Ranar kasuwa su shiga kara tare, a gaban jama'a ya miƙa masa igiyar dabbar. In dillali ya karɓa, ya ce ke nan na san mutumin nan, na san dabbar nan, in magana ta tashi ku zo ƙofata. Ba a faɗin haka da baki, karɓar igiyar ta isa. In kuwa baƙo ya miƙa, dillalinsa ya ƙi karɓa, abu ɗaya kowa yake ɗauka, har mata masu sayar da ruwa: dabbar ta sata ce.

Uban baƙon nan gidanmu yake sauka tun ina ƙarami. Mutanen wani ƙauye ne a bayan Ibohamane, cikin kwari tsakanin duwatsu, suna noman gero suna kiwo, a gida Buzanci suke yi, a kasuwa Hausa. Da tsofaffin suka gaji, shi ya ci gaba da zuwa, ni na ci gaba da karɓa. Ya girme ni da shekara biyar ko shida. Dogo ne, ba ya rabuwa da rawani ko da zai ci abinci, kuma ba ya iya riƙe magana a cikinsa. Sau biyu yake zuwa a shekara, bayan kaka da gab da damina, kullum da ƙunshin cuku na mahaifiyata. Da ya sauke kaya zai fara.

"Maigida, har yanzu da baki kake noma? Mu mu bi saniya shekara huɗu cikin ƙaya, kai ka yi magana rabin yini ka ci rabonka."

"In magana banza ce, shiga kara ka yi da kanka, mu ga wa zai saurari mai warin nono."

"Warin nonon nan shi ya yi maka wanga tumbi."

Shanun gidansu suna da yanka biyu a kunnen hagu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Na san wannan shaida kamar yadda na san ƙofar ɗakina. A duk Bangi kuwa gidanmu kaɗai ya san ta, domin ƙauyensu da nisa.

Sai shekarun yaƙin Nasara suka zo. Aka rufe iyaka tsakaninmu da ƙasar Ingilishi, mu kuma muna bakinta. Masu sayen shanu daga kudu suka daina shigowa a fili. Askarawan kumandan, Baturen mulki, waɗanda muke kira gardi, suka riƙa zagaya kasuwanni, ana karɓar dabbobi wai na soja, ana kama mutane a kai su Madawa saboda magana. Ba a taɓa gaya mana wa yake kai maganar ba. Muka koma duban juna. Mutum ya tambaye ka lafiyar gida, ka tsaya kana tunanin abin da yake nema. Hirar gindin bishiya ta koma ta ruwan sama da ciwon baya.

Kafin a rufe iyakar an zo ɗaukar soja, aka ce gidanmu ya ba da mutum ɗaya. Mu biyu ne maza. Mahaifina ya dube ni, ina da mata da 'ya'ya biyu da baƙin da suka saba da ni, ya dubi ƙanena. Ƙanena ya tafi. Mahaifina bai yi shekara ba bayan wannan ya rasu. Damina biyu suka wuce ba mu ji komai ba, ko gaisuwa.

A cikin wannan hali baƙona ya zo da jan sa guda ɗaya mai farin goshi. Geronsu bai yi ba a shekarar, yana so ya sayar ya sayi hatsi ya koma. Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, muna zaune a zaure mu huɗu: ni, shi, wani maƙwabcina baduku, da wani tsohon dillali abokin mahaifina wanda gidansa ke kallon namu, ina kiransa Baba. Daga cikin gida ana jin mahaifiyata tana daka.

Badukun ne ya tambaye shi ko an zo ɗaukar soja a wajensu. Har yau ban san ko tambaya ce kawai ba.

Baƙona ya yi dariya. Ya ce, "Sun zo. Sunka tarar da tsohuwa da kare. Samarinmu suna bisa dutse da shanu. Nasara sun hwaɗi a ƙasarsu, kowa ya sani, mi za mu je nema? Yaƙin nan ba namu ba ne. Ni dai abin da na gani, duk wanda ya kama hannun ɗansa ya miƙa musu, sai da shi ya yi."

Tabaryar da ke cikin gida ta tsaya.

Na ce, "Ubana kake nuhi?"

Sai a lokacin ya tuna. Na ga ya tuna, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho. Ba da ku nike ba, maigida, shi tilas anka yi mishi." Da ya tsaya nan da ta wuce. Amma ba ya iya tsayawa. Ya ƙara da cewa, "Sai dai tilas ɗin ma, da kowa ya ƙi, wa za su kama? Na hwaɗa a Deule, na hwaɗa a Buza, a nan ma ba ni janyewa."

Baduku ya tattara fatunsa ya ce yana da aiki. Dakan bai ci gaba ba ranar.

A hanyar masallaci da magariba Baba ya kama hannun rigata, ya ja ni jikin danga.

"Ɗana, sunanka ya kai Madawa."

"Wa ya kai shi, Baba?"

"Kai ma ka san ba a tambayar wannan. An san wanda kake saukewa, an san abin da yake hwaɗi a kasuwanni. Gobe gardi za su shigo. In sunka gan ka riƙe da igiyarsa, ku biyu ne. Ka dubi tsohuwarka, ɗaya ya tahi, kai ma za ka tahi?"

"To yaya zan yi da baƙon uba?"

"Hannunka naka ne. Tun da anka kafa kara ba a taɓa tilasta dillali ya karɓi igiya ba. Mutum ya zagi ubanka cikin zaurenka, kuma ka tsaya mishi?"

Ya saki rigata, muka shiga sahu.

Na daɗe ina auna abin da ya fi nauyi a zuciyata ranar, tsoron gardi ko zafin maganar. Wani lokaci nakan ce tsoro ne, domin mai tsoro ana yi masa uzuri. Amma ba zan ɓoye ba, akwai fushi, kuma fushin ya ji daɗin samun dalili.

Da safe na kai masa fura da kaina. Muka sha tare. A nan ya kamata in ce masa, ka kama sanka ka wuce wata kasuwa, ni yau ba zan tsaya maka ba. Da ya yi fushi, da ya zage ni, da ya tafi da dabbarsa da sunansa. Ban ce ba. Na gaya wa kaina cewa ban yanke shawara ba tukuna. Muka jera zuwa kara, yana jan sa, yana yi masa magana da Buzanci, yana tambayata ko hatsi ya yi sauƙi.

Muka tsaya inda muka saba tsayawa, kusa da wata bagaruwa. Kara ta fara cika. Ya warware igiyar daga hannunsa ya miƙo mini.

Na mai da hannuwana baya.

Ya yi dariya, ya zaci wasan da muka saba ne. "Karɓi mana, maigida, hannuna ya gaji. Ko sai na ƙara cuku?"

Na ce, "Yau ba ni karɓa."

"Mi ka ce?"

"Nemi wani."

Bai sauke hannun nan da nan ba. Igiyar tana rataye tsakaninmu, kuma mutanen da ke kusa sun gani. Na ga wani mahauci da ya fara zagaya san ya ja da baya. Baƙona ya dube ni, ya faɗi wata gajeruwar magana da Buzanci, a hankali, ban fahimta ba, ban kuma taɓa samun wanda zan tambaya ba.

Ya bi sauran dillalai ɗaya bayan ɗaya. Wa zai karɓi abin da mai masauki ya ƙi? Ya je wurin Baba ma, Baba ya girgiza kai yana taunar goro. Sai ya dawo gindin bagaruwar ya tsaya riƙe da igiyarsa. Ni na yi zaton zai juya ya tafi. Bai tafi ba, hatsi ya zo nema, gida ana jiransa.

Kwanaki kaɗan kafin nan an sace shanu a wajen Deule, labarin yana bakin kowa. Kafin rana ta take, mutane sun kewaye shi. Wani ya ce cikin waɗanda aka sace akwai ja. Wani ya ce har da farin goshi. Ban san wanda ya fara faɗi ba, daga bayana muryar ta fito. Sai ga gardi biyu suna ture jama'a da bulala.

Babbansu ya tambaya, "Wa ya san wanga mutum?"

Ina tsaye ba nisa, na kama ƙahon wani bunsuru kamar ina dubansa. Na ji idanun mutane a kaina. Ban ɗaga kai ba.

Ya juya wurinsa. "Kai, gidan wa ka sauka?"

Baƙona ya ce, "Ba ni da mai masauki a garin nan."

Da igiyar san suka ɗaure masa hannuwa, suka nemi wata suka sa wa dabbar. Suka tasa su gaba zuwa Madawa.

Akwai abin da na lura da shi tun a lokacin, wanda ya hana ni sukuni daga baya. Gardi ba su tambaye shi maganar soja ba, ko ta Nasara. Ba su ambaci sunana ba, ba su dubi inda nake ba. Maganar sa kawai suka yi. In da gaske sunana ya kai Madawa, me ya hana su nemi gidana?

Da na koma gida mahaifiyata ta riga ta ji. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, idanunta a kumbure tun jiya. Ta ce, "Maganarsa ta ƙona ni, ban yi barci ba. Amma san nasa ne ko ba nasa ba ne?"

Na ce nasa ne.

"To tashi ka tahi ka hwaɗa musu."

Na yi kwana uku ina jan ƙafa, a na huɗu na tafi. A bakin bariki akwai wata bishiya da masu ƙara suke zama, na zauna cikinsu. Da hantsi aka fito da 'yan kaso, wato fursunoni, a jere za a kai su ɗaukar duwatsun hanya. Yana cikinsu. Sun cire masa rawani. Shekara ashirin na san shi, ban taɓa ganin kansa a buɗe ba, ashe yana da furfura a gefe. Ban sani ba ko ya gan ni. Ya dubi wajen bishiyar, amma mutane da yawa ne.

Can sai tafinta ya fito yana bin mu ɗaya ɗaya. Da ya iso kaina ya ce, "Kai mi ka kawo?" Na dubi takardar da ke hannunsa, na ce a raina ko sunana yana ciki. In na ce na san mutumin, tambaya ta gaba ita ce me ya sa na ƙi igiyarsa, ta bayanta kuma me ya faɗa a zaurena.

Na ce, "Ba komi. Wani nike jira."

Na dawo gida na gaya wa mahaifiyata cewa ba su bar ni na shiga ba. Ta dube ni. Har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba.

A kara kuwa an daɗe ana tayar da ita, domin waɗanda suka san gidanmu sun gane ba sata ce ta raba mu ba, ko da yake ba wanda ya fito ya faɗa. Sai a zagaya, a mai da ita muhawara. Baba yana nan kan bakansa, mai sana'a yana da ikon hannunsa, wanda ya ga dama yake yi wa aiki. Wani dillali sa'ana ya ce, "To gobe in baƙona ya ce miyar matata ba gishiri, sai in ƙi igiyarsa?" Aka yi dariya. Mahaucin nan ya ce shi yana sayar wa liman nama, yana sayar wa mai bori, bai taɓa tambayar kowa abin da ke cikinsa ba, kuma da zai tambaya da naman ya ruɓe. Wani ya ce masa nama ba ya kai mutum kaso. Da an kai nan sai kowa ya waiga ya ga wa ke sauraro, hirar ta mutu.

Na je wurin wani malami a bayan gari, na yi masa tambayar kamar ta wani ce. Ya ce ba a tilasta wa mutum ciniki, yana iya ƙin wanda ya ƙi. Amma in ƙin nasa zai sa jama'a su ɗauka wani abu ya faru wanda shi ya san bai faru ba, to shaida ya bayar, ko bai buɗe baki ba. Sannan ya ce, "Shi mutumin da kake tambaya dominsa, ya gaya wa baƙon tun a gida?" Na ce ban sani ba. Ya ce in je in tambaye shi.

Abin da nake gani yanzu bai yi nisa da haka ba. Har gobe ina ganin bai kamata ya faɗi maganar nan a zauren da aka fitar da ƙanena ta cikinsa ba. Ina da ikon in ce ya nemi wani masauki, in ce daga yau ba ni ba shi. Wannan tsakanina da shi ne. Abin da na yi a kara daban ne. Na hukunta shi kan magana, jama'a suka ji sata, kuma tun kafin in mai da hannu baya na san abin da za su ji ke nan.

Wata bakwai ya yi a kaso. Ba wanda ya zo daga Deule ya ce san nasa ne, amma ba a mayar masa ba. Na ji ya fito da tari. Bai sake taka Bangi ba. Sunan kuma ya zauna. Waɗanda ba su san komai ba suka riƙa cewa ɓarawon san Ibohamane, yaran kara suka taso suka tarar ana faɗi.

Da kaka ta zagayo, ina zaune a ƙofar gida na ga mutanen ƙauyensu sun shigo gari da shanu masu yanka biyu a kunne. Suka wuce ƙofata ba sallama, suka sauka gidan Baba. Washegari a kara na ga igiyoyinsu a hannunsa. Haka aka ci gaba kowace shekara. Na riƙa tuna yadda ya ja ni jikin danga. Na riƙa tuna baduku da tambayarsa. Wani lokaci in ce Baba ya cece ni ne da gaske, ya san abin da ban sani ba. Wani lokaci in ce baƙina ya hango. Kullum da safe yakan gaishe ni kamar da, ya tambayi tsohuwa, ya ba 'ya'yana gyaɗa. Sau ɗaya na fara, na ce, "Baba, maganar nan ta Madawa…" Ya katse ni, ya ce, "Ka gode Allah, ɗana. Ka ga ba wanda ya taɓa ka." Na dubi fuskarsa, ban ga komai ba. Ya rasu kafin yaƙin ya ƙare, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Yaƙi ya ƙare, aka buɗe iyaka, waɗansu sojoji suka dawo da manyan takalma. Ƙanena bai dawo ba, ba a kuma gaya mana inda ya kwanta ba. Mutane suka fara faɗin abin da baƙona ya faɗa, a fili, a gindin bishiya, ba wanda ya kama su. Na yi niyyar hawa Ibohamane sau da yawa. Kowace shekara akwai abin da yake hanawa, ko ni nake samo shi.

Ranar da na ji rasuwarsa na ba wani abokin aiki dabbobin da ke hannuna. Da asuba na ɗaura wa jaki kaya. Kwana huɗu na yi, ta Deule, hanyar da shi yake biyowa zuwa gidanmu.

Ƙanensa ne ya karɓe ni. Na san shi, yana cikin masu sauka gidan Baba. Aka shimfiɗa mini tabarma nesa kaɗan da tasu, aka kawo ruwa. Na yi gaisuwa, suka amsa yadda ake amsawa. Sannan suka koma Buzanci tsakaninsu, a hankali, ni kuma duk kalmar da ta fito ina jin kamar sunana ce.

Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi. Na ce, "San nan nasa ne. Na san yankan kunnen. Na sani tun ranar."

Ya dube ni ta saman rawaninsa. "Mu kake hwaɗa wa? A gabanmu anka haihi san nan. Uwarsa tana nan har bara."



Ya ce, "A nan ba wanda ya taɓa ce mishi ɓarawo. Can anka ce. Daga can ta bi kasuwanni ta iso mu."

Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Babban ɗan mamacin, wanda a lokacin yana arewa da shanu, ya nemi aure a wani gida wajen Keita, aka hana shi, aka ce ba a haɗa jini da gidan sata. Ya dawo ya tambayi ubansa. Uban bai ba shi amsa ba, domin tun da ya fito kaso bai taɓa yi wa kowa maganar Bangi ba, ko matarsa.

Ƙanen ya ce, "Mu mun gaya ma yaron ƙarya ce. Ya ce ku danginsa ne, mi za ku ce? Ya ce in ƙarya ce, don mi mai masaukinsa ya ƙi igiya?"

Na ce zan jira ɗan ya dawo in gaya masa.

Ya ce, "A'a. Ba a tabarma ba. Bayan kaka ni kawo shi Bangi. Ka tsaya inda ka tsaya, ka hwaɗa da ƙarhi, shi yana ji, mutane suna ji. Za ka iya?"

Na ce zan iya.

"Haka ka ce?"

Na ce haka na ce. Bai miƙo mini hannu ba, amma ya sa aka ba jakina ruwa da kara.

Ban jira kaka ba. Kasuwar farko bayan na dawo, na tsaya gindin bagaruwar, na ɗaga murya, na ce jama'a ku saurara. Na ce mutumin Ibohamane da aka kama a nan shekarun baya ba ɓarawo ba ne, san nasa ne, ni na san shi, na ƙi igiyarsa ne don wata magana da ta shiga tsakaninmu, ba don sata ba.

Mutane kaɗan suka juyo. Yawancin waɗanda suka ga abin sun mutu ko sun daina zuwa. Wani saurayi ya ce, "Wane sa?" Wani ya ce, "San da anka cinye tun tuni?" Aka yi dariya. Lokacin an fara maganar zaɓe, kowa yana zargin kowa da wani ɓangare, sai wani dattijo ya matso ya ce mini a kunne, "Gaya mini gaskiya, wa ya ba ka goro ka hwaɗi wannan yanzu?" Baduku yana can gefe da jakunkunansa, ya dube ni, ya ci gaba da ɗinki. Mahaucin nan kaɗai ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Ka daɗe ba ka hwaɗa ba." Sannan ya tambaye ni ko karsanar nan tana nan.

Na ce ba komai, wannan gwaji ne, ta gaske sai ɗan ya zo.

Kaka ta yi, aka yanke gero, makiyaya suka fara saukowa. Kowace ranar kasuwa ina isa kara kafin kowa, ina duban kunnen duk dabbar da ta shigo ta hanyar arewa. Ban ga yanka biyu ba. Daga baya na ji cewa tun da Baba ya rasu suna ta raguwa, a shekarar kuma suka koma wata kasuwa da ta fi kusa da su. Na aika da saƙo ta bakin wani mai kanwa, cewa ina nan, ina jira. Ya dawo ya ce ya gaya wa ƙanen, ƙanen ya ce ya ji. Na sake aikawa a shekara ta gaba. Aka ce ɗan ya yi nisa da shanu, ba kullum yake saukowa ba. Ban sani ba ko ƙanen ya fasa ne, ko ɗan ne ya ƙi, ko saƙon bai taɓa isa ba, domin mai kanwar ma ban san shi sosai ba.

Na yi shekara goma sha bayan haka ina shiga kara, har ƙafafuna suka gaza. Ɗan bai zo Bangi ba, ni ma ban sake hawa Ibohamane ba. Har yanzu bai ji daga bakina ba.